Sakin da Na Yi a Bakin Injin Niƙa

Zuwa ga ɗana Isuhu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah ya sa kun sauka Tibiri lafiya, kai da amaryarka Rakiya. Allah ya haɗa ku da maƙwabta masu mutunci, ya sa ka shiga aikinka da ƙafar dama. Allah ya tsare ka a hanya, ya tsare ka daga sharrin mutane, ya kuma tsare mutane daga sharrin bakinka. Wannan addu'ar ta ƙarshe ita ce ta sa na ɗauki alƙalami.

Labarin gida ba zan ba ka ba, kana da waya. Abin da ke bakina kuwa ba na waya ba ne, don da na fara innarka za ta zo ta tsaya a kaina tana gyara mini magana. Kuma ba na gaba da gaba ba ne, don da nauyi uba ya zaunar da ɗansa yana ba shi labarin wautarsa.

Ranar da kuke ɗaure kaya ina zaure, na ji ka ɗaga murya kana ce wa Rakiya, "Wallahi in kika sa motar nan ta tafi ta bar mu..." Sai ka yi shiru. Na gode Allah da shirun. Amma na gane muryar, tawa ce. A wurina ka gaje ta.

Ka sha jin tsofaffin matan unguwarmu suna ce mini Tela Mai Inji. Na san kana zaton saboda keken ɗinki ne. Ba shi ba ne.

Kafin a haife ka, yayanka Sani da yayarka Rabi suna lakkwal, wato makarantar boko, wata jajibirin ƙaramar salla na shiga shago na nemi babban almakashina na rasa. Ka san ni da almakashin nan, ko yaron shago ba ya taɓa shi. Ga ɗinkin mutane jibge, ga azumi a baki, ga barci ban samu ba. Na birkita shago, na koma gida na birkita ɗaki. Rabi ta ce ta ga innarta ta fita da shi a ƙunshe, ta tafi niƙa.

Na nufi injin niƙa ko hula ban saka ba. Na tarar da mata sun yi layi da ƙorai da robobi, inji yana ta ruri, ko kiran salla ba ka ji. Innarka tana tsakiyar layi. Na tsaya a kanta na ce, "Ina almakashina?"

Ta ce, "Na kai ma maƙeri!"

Ni kuwa abin da kunnena ya ji shi ne, "Na ba Mairi." Mairi maƙwabciyarmu ce mai suyar kifi. Ta taɓa aron almakashina ta yanke ƙayar kifi da shi, na yi mako ina yanka shaddar mutane tana ƙarni. Da na ji sunan nan sai idona ya rufe. Na ce, "To, na sake ki."

Ta karkato kunne ta ce, "Mi ka ce?"

Na ce, "Na sake ki!"

Ta dube ni, ta sake cewa, "Mi ka ce, Mamman?"

Na cika ƙirjina da iska. A daidai nan injin ya yi tari ya mutu. Wuri ya yi tsit. Cikin shirun nan na kwarara ihu da dukkan ƙarfina, "Na ce na sake ki!"

Isuhu, har jakin da ke ɗaure a gindin itacen bedi sai da ya waiwayo. Wata tsohuwa ta saki ƙwaryarta. Mai inji ya leƙo da gari a gemunsa ya ce, "Subhanallahi." Innarka ba ta yi kuka ba. Ta tsaya a layinta har aka tada inji, aka niƙa mata hatsinta. Ta koma gida ta yi wa yara abin buɗa-baki, ta aiko mini da nawa zaure. Da gari ya waye, mutane suna shirin idi, ta ɗaura ƙunshinta ta shiga motar Matankari, gidan wanta Arzika.

Ni kuwa tun kafin magariba ta wannan ranar maƙeri ya same ni a shago da almakashina, an wasa shi yana walƙiya. Ya ce, "Dije ta kawo shi da sahe. Ta ce kwana biyu kana kukan ya dakushe."

Ga shawara ta farko. Kalmar nan ba irin sauran kalmomi ba ce. In ka zagi mutum kana iya ba shi haƙuri a wuce. Wannan kuwa da ta fita daga bakinka ta zama ta shari'a, ta zama ta malamai, ta zama ta unguwa, kowa yana da hannu a cikinta sai kai. Kada ka yi wata magana mai nauyi da matarka a inda ba ku jin juna. Kuma in ka ji abin da ya tafasa maka zuciya, ka tambaya sau ɗaya ko kunnenka ne.

Da ina da hankali, da ranar salla na bi ta Matankari na durƙusa. Amma bayan an sauko idi maza suka taru a ƙofar shagona kamar yadda suka saba, kowa ya riga ya ji. Wani ya ce, "Tela, an ce ka yi aikin maza. Nawa ka yi?"

Da na ce musu kunnena ne ya yaudare ni, da an yi mini dariya ta yini ɗaya. Na ji kunyar dariyar. Sai na ɗaga yatsu uku na ce, "Uku cif. Ni ba a wasa da kayan aikina."

Aka yi ta jinjina mini. Wani ya ce haka ake son namiji. Da azahar ta yi kowa ya tashi ya tafi gidansa ya ci tuwon salla da matarsa ta tuƙa. Ni na shiga gida na tarar da murhu a sanyaye da yara biyu suna kallona. Ranar na fara tuƙa tuwo a rayuwata. Sani ya ɗaga malmala ya juya ta, ya tambaye ni ko ana cinta ne ko ana jifa da ita. Rabi kuwa ta ture tata gefe. Ta yi makonni ba ta ce mini komai ba sai gaisuwa, ita ma tana kallon bango.

Ɗana, mutanen majalisa ba su kwana a ɗakinka. Duk wanda ya zuga ka a kan matarka, ka lura, shi da tasa yake komawa ya kwana.

Da tuwo ya ishe ni, na tafi wurin tsohon limaminmu, Allah ya jiƙansa. Na ba shi labari tun daga almakashi har mutuwar inji. Ya saurara yana jan carbi, kafaɗarsa tana ɗan motsi, na san dariya yake dannewa. Ya ce, "Mamman, in mutum ya maimaita kalmar don a ji shi, ba don ya ƙara wani saki ba, to ɗaya ne, kuma yana iya maida matarsa kafin idda ta cika. Amma an gaya mini ka ɗaga yatsu uku a bakin shago, ka ce da niyya ka yi. To wane Mamman zan gaskata, na bakin inji ko na bakin shago?"

Na ce, "Na bakin inji, Malam."

Ya ce, "To ka taho mini da mutanen da ka yi wa alfahari. Ka faɗa a gabansu cewa ƙarya ka yi, ka rantse a kan niyyarka. In ka yi haka na gama da kai. In kuwa uku ne da gaske, ba ta halatta gare ka sai ta yi wani aure na gaskiya, ya ƙare don kansa."

Hanya ce miƙaƙƙiya, ko rabin yini ba za ta ci ba. Amma in tsaya gaban majalisa in ce na yi ƙarya? Na ce wa Liman zan yi shawara. Na fita ina neman wata ƙofar da ba sai na sunkuya ba.

Maganar "sai ta yi wani aure" ba ta kwana ba ta zaga unguwa. Mutum biyu daga cikin waɗanda suka fi jinjina mini suka zo shago ɗaya bayan ɗaya, suna sunkuyar da kai kamar masu ta'aziyya. Kowanne ya ce in taimako nake so, shi saboda zumunci yana iya aurenta na ɗan lokaci. Na farkon na ce masa Liman ya ce haramun ne. Na biyun kuwa almakashin kawai na ɗauka, ya tuna yana da uzuri a kasuwa.

Sai ga gwaggona ta zo daga Lugu ganin yara. Ta ji labari ta tafa hannu. Ta ce, "Ai ba kai ne ka yi magana ba. Bedin nan na bakin inji akwai doguwa a cikinsa, kowa ya sani. Ka zo da rana tsaka, ba hula, da yunwa. Ita ta hau harshenka." Ni da ban taɓa yarda da irin wannan magana ba, ranar sai na ji ta yi mini daɗi ƙwarai. Na koma wurin Liman na ce an bincika, ashe iska ce ta yi sakin.

Liman ya ce, "Madalla. Yatsun ma ita ta ɗaga?"

Na ɗauki takalmana.

Daga nan na yi abin da ban taɓa zaton zan yi ba. Akwai wani saurayi mai sayar da littattafai da turare a kasuwa, Malam Bashiru, cikin samarin nan masu wa'azi da ɗangalallen wando. Shekara da shekaru ina yi musu ba'a, ina cewa su ne kaɗai masu kawo ɗinki su bar wa tela ragowar yadi. Na bi ta bayan kasuwa, ta layin masu gishiri, don kada a gan ni. Yaron nan ya tashi ya ba ni kujerarsa, bai tuna mini da ba'ar ko sau ɗaya ba. Ya ce, "Baba, a fahimtar da muka karanta, ko da uku ka nufa, in a zama ɗaya ne ɗaya ake ƙirgawa. Amma kada ka zauna. Ka tashi yau ka tafi Matankari ka maida ita tun idda ba ta cika ba."

Na fito ina murna. Kafin in kai shago murnar ta kwanta. Na tuna tsofaffin matan layin niƙa. Na ji su a kunnena suna cewa Tela ya sauya masallaci don mace, suna cewa zaman da ake yi a gidan nan ba na aure ba ne. Na ga ana nuna 'ya'yana da baki. Sai na ce bari in ƙara nema.

Ka lura da wautar. Malamai biyu, hanyarsu daban, amma kowanne ya nuna mini ƙofa a buɗe. Na farko ya ce in faɗi gaskiya, na biyu ya ce in yi sauri. Na ƙi duka biyun saboda tsoron bakin mutane. In matsala ta same ka, ka je wurin malamin da ka yarda da shi tun kafin matsalar, ka yi abin da ya ce. Kada ka yi ta yawo da tambaya kamar mai taya akuya a kasuwa.

Wani mushe, malamin lakkwal da nake yi wa ɗinki, shi ya ce in tafi jistis, wato kotu. Ya ce alƙali yana iya rubuta sammaci a kai Matankari, dole ta dawo ɗakinta. Wannan ta yi mini, don babu sunkuyawa a cikinta. Na saka babbar riga na tafi.

Alƙalin mutum ne mai sanyin magana, ga dattawa biyu masana al'ada zaune a gefensa. Ya ce, "Ina takardar aurenku?"

Na ce, "Wace takarda? An ɗaura aure a Matankari gaban jama'a, an raba goro, an yi kiɗi kwana da kwanaki."

Ya ce, "Ban musa ba. Wurin Allah da wurin jama'a aurenku aure ne. Amma ba ku rubuta shi a meri ba, wato ofishin magajin gari, don haka kafin in taɓa shi sai an kawo shaidu an tabbatar mini da shi. Bar wannan tukuna. Mi kake so in yi maka?"

Na ce a maido mini da matata.

Ya ce, "Wa ya kore ta?"

Na ce, "Ni."

Ɗaya daga cikin dattawan ya duƙar da kai yana gyaran rawani. Alƙali ya ce, "Ita mi ta ce? Tana son dawowa?"

Isuhu, sai a nan na farga. Na je wurin Liman, na saurari gwaggo, na bi layin masu gishiri, na zo gaban hukuma, amma ban taɓa aika ko gaisuwa Matankari ba. Na ce, "Ban tambaye ta ba."

Ya cire tabarau ya ajiye. Ya ce, "Malam Mamman, ba ni da takardar da ke jawo mace zuwa gidan da aka kore ta. In kun zo ku biyu zan yi ƙoƙarin sasanta ku. In kuwa so kake in tabbatar da sakin a rubuce, don ta samu ta yi aurenta ba tare da gardama ba, wannan ina iyawa."

Ban san lokacin da na kai bakin titi ba.

Ranar Juma'ar da ta biyo baya na tattara 'yan majalisa na kai su zauren Liman. Na tsaya na ce ƙarya na yi, kunya ce ta sa na ɗaga yatsu, na maimaita kalmar ne don ina zaton ba ta ji ba. Na rantse. An yi dariyar da nake gudu, har wani ya fita waje yana riƙe da ciki. Ban mutu ba. Kafin la'asar an koma hirar farashin gero.

Liman ya ce, "To, saki ɗaya ne." Na fara hamdala. Ya ɗaga hannu. "Yaushe abin ya faru?"

Na ce jajibirin ƙaramar salla.

Ya ce, "Layya ta wuce, cika-ciki ya wuce, ga shi muna shirin Mauludi. Mamman, idda ta cika tuni. Dije ba matarka ba ce yanzu, bazawara ce. In kana so, ka shiga layin masu nema. Sabon sadaki, sabon waliyyi, sabon ɗaurin aure. Kuma sai in ta yarda."

Na ce, "Layi? Akwai layi?"

Ya ce, "An ce akwai."

Na isa Matankari da hantsi, da goro da atamfa. Kawunka Arzika yana ƙofar gida yana gyaran kalmensa na noma. Shekara goma sha muna surukuta da mutumin nan, mun ci a ƙwarya ɗaya, ni na ɗinka masa rigar aurensa. Na yi sallama. Ya amsa ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Baƙon daga ina?"

Na ce, "Haba Arzika."

Ya ce, "A'a, ka san sunana ma. Ɗan wane gida ne kai? Mi kake sana'a?"

Na gane wasan. Na haɗiye na ce ni tela ne daga Dogon Dutsi, na zo neman auren ƙanwarsa.

Ya ce, "Madalla. Mu nan ba mu ba da ɗiya sai mun yi bincike. Mun ji ka taɓa aure. Mi ya raba ka da matar?"

Na ce, "Almakashi."

Ya ce, "Ta sata ne?"

Na ce, "A'a, wasawa ta kai."

Ya jinjina kai ya ce, "Lalle ta yi laifi babba. To shiga zaure, akwai wani baƙon, sai ku jira tare."

A zaure na tarar da Alhaji Namata, mai fataucin albasa, wanda matarsa ta rasu bara waccan. Yana zaune a kan sabuwar tabarma, turare yana tashi, sanye da shuɗiyar shadda mai aiki har ciki. Da ganin wuyan rigar na gane hannuna. Ni na ɗinka masa ita bayan layya, har na tambaye shi ko biki zai je, ya ce in sha Allah. Ni aka nuna mini buhun gero na zauna a kai.

Ya ce, "Tela, sannu da hanya. Rigar nan kowa ya gani sai ya yaba."

Innarka ta fito da lulluɓi, ta durƙusa daga bakin ƙofa kamar budurwa. Ta gaida Alhaji, ta tambaye shi albasa. Ta juyo ta gaishe ni, ta tambaye ni ya mutanen gida. An kawo fura. Tasa da nono har yana zuba, tawa kuwa ana ganin gindin ƙwarya.

Haka na yi ta zuwa duk ranar Juma'a. Wata rana in riga shi, wata rana ya riga ni. Na daina dariya a raina, don na ga abin ba wasa ba ne. Alhaji Namata mutumin kirki ne, yana da gida, yana da haƙuri, kuma bai taɓa yi wa kowa ihu a bainar jama'a ba. Da ni ne Arzika, shi zan ba. Na rame har wandona yana zamewa. Rabi ta fara yi mini magana a lokacin, amma magana ɗaya ce, duk ranar da na dawo: "Baba, ta ce mi?"

Wata Juma'a motar albasa ta lalace wa Alhaji a hanya, na samu zauren ni kaɗai. Innarka ta zauna a bakin ƙofa. Na shirya jawabi tun daga tasha, har da abin da malamai suka ce da abin da alƙali ya ce. Da na dube ta sai duk ya zube. Na ce, "Dije, na zalunce ki. Kina so ki dawo, ko ba ki so? Abin da kika ce shi za a yi."

Ta ɗago kai ta dube ni. Ta ce, "Wata nawa ke nan, sai yau wani ya tambaye ni."

Sannan ta ce, "Na farko ban ji ba, Allah ya sani. Na biyu na ji shi sarai. Na sake tambayarka ne don in ba ka hanya. Na ce ko za ka ce, 'Cewa na yi ki yi sauri,' ko 'Cewa na yi a sayo gishiri.' Komi ka ce da na karɓa, da mun tafi gida. Sai ka cika ƙirji."

Ɗana, ban taɓa jin maganar da ta yanke ni kamar wannan ba. Na zauna a kan buhun gero, da gemuna da komai, ina hawaye. Arzika ya leƙo, ya gani, ya koma ciki. Mako na gaba da na zo an shimfiɗa mini tabarma.

In matarka ta ce maka "me ka ce?" alhali ka san ta ji, to ba kurma ba ce. Rangwame take yi maka. Ka karɓa da hannu biyu.

Ta yarda, amma da sharaɗi. Sadaki ta ce tunkiya take so mai ciki, ta kanta, ba mai taɓa mata. Jikokin tunkiyar nan ne suke cinye mana shanya har yau. Na biyu, ta ce labari ya iso mata cewa na je jistis an ce ba a san da ita ba. Ta ce shekara goma sha tana tuƙa tuwo a gidan da hukuma ba ta san ta shiga ba, wannan karon sai an rubuta.

Aka ɗaura aure a ƙofar gidan Arzika. Ya tsaya a matsayin waliyyi yana ta jan rai, sai da aka tambaye shi sau biyu kafin ya ce ya bayar. Liman da ya raka ni ya ja ni gefe ya ce, "Igiya biyu ta rage maka. Ka riƙe su kamar mai jan ruwa a rijiya mai zurfi."

Daga nan muka tafi meri da shaidu. Ma'aikacin ya tambaye ni ko wannan ne aurena na farko. Na ce na biyu. Ya ce sunan matar farko? Na faɗa. Ya ce sunan ta yanzu? Na faɗa. Ya ce, "A'a, ta yanzu nake tambaya." Na ce ita ce. Ya dubi innarka, ya dube ni, ya ajiye alƙalami ya ce a ba shi labarin tun daga farko. Innarka ta ba shi, ba ta rage komai ba, har da jakin.

Kai ma ka je ka rubuta naku tun kuna shiri, kada ka ce sai an samu lokaci. Ba don takarda tana riƙe aure ba, ba ta riƙewa. Amma haƙƙin Rakiya ne da na 'ya'yan da Allah zai ba ku. Ranar da za a nemi takardar ba ranar daɗi ba ce, kuma wataƙila ba ka nan balle ka yi bayani.

A motar dawowa na yi ƙarfin hali na tambaye ta me ya sa ta zaɓe ni ta bar Alhaji. Ina jiran in ji magana mai sanyi. Ta ce, "Alhaji ba shi da laifi. Amma na daɗe ina gyaran wannan, ba ni da ƙarfin fara wani daga farko." Ta juya tana kallon gonaki. Can ta ƙara da cewa, "Kuma Rabi ta aiko mini cewa kana ƙona tukwanena."

Shekarar da ta biyo baya aka haife ka. Kai da Sani da Rabi uwarku ɗaya ubanku ɗaya, amma su 'ya'yan auren fari ne, kai ɗan aure na biyu ne. Da matar nan ta ce a'a a zauren Arzika, kuma tana da iko ta ce, babu malami ko alƙali ko ɗan'uwa da zai hana ta, da babu kai a duniya. Duk ranar da ka ji kai ne mai gida, kai ne mai iko da kalma, ka tuna da izinin mace ka zo.

Alhaji Namata ya zo sunanka, ya kawo buhun albasa, ya ɗauke ka ya sa maka albarka. Yanzu ya tsufa, da sanda yake tafiya, amma duk salla sai ya kawo mini ɗinki da kansa. In na gama gwada shi sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Tela, ya mutanen gida? Ana dai zaune lafiya ko?" In ce lafiya lau. Sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "To, madalla," ya tafi.

Allah ya zaunar da ku lafiya, ya sa ku tsufa tare. Allah ya kare ku daga ciwo, daga haɗarin hanya, daga zugar abokai. Allah ya ba ku zuriya mai albarka, ya sa ku dawo mana da ƙafafunku cikin farin ciki. Ka gaida Rakiya da kyau, ka ce mata gidan nan gidanta ne, ko da kai ko ba kai.

Wassalam.

Ni ne mahaifinka,
Mamman Tela
Dogon Dutsi